Wasannin Cike Gurbi a Ƙananan Rukunonin Gasa: Nazarin Tsarin Super 8 Daga Mahangar Birnin Kebbi da Argungu

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda aka riƙa fitar da ƙungiyoyin da za su hau Firimiyar Najeriya daga rukuni na biyu, wato NNL, ta hanyar gasar cike gurbi da ake kira Super 8. An kwatanta tsarin da na Kofin Calder, wanda ake bugawa a rukuni na biyu na wasan hokin ƙanƙara a Amurka da Kanada. An dogara da dokokin gasannin biyu da sakamakon da aka bayyana daga 2013 zuwa 2025. Abin da nazarin ya gano shi ne, wasannin da suka fi kowanne nauyi ga ƙungiyoyin arewa su ne ake kai wa nesa da magoya bayansu, kuma hujjar da ake kafawa da ita, wato tsoron maguɗi a gida, ba ta tsaya da ƙafarta ba.

1.0 Gabatarwa

Jihar Kebbi, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta 1991, ba ta cikin jihohin da ake fara ambata idan ana zancen ƙwallon ƙafa a arewa. Kano ce da Kaduna da Filato da Bauci ke zuwa bakin mutane. Duk da haka a Birnin Kebbi akwai filin wasa na Haliru Abdu, akwai ƙaramin filin da aka gina da kuɗin tallafin FIFA, akwai kuma ƙungiyar Kebbi United da ta fafata a rukunin da masu sharhi a rediyo ke kira gasar 'yan dagaji, wato NNL. Ga ƙungiya irin wannan, daga 2023 zuwa 2025 ƙofar shiga Firimiya ɗaya ce tak: ta fito daga rukuninta, sannan ta tsallake Super 8.

Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: wa tsarin nan yake yi wa aiki? An zaɓi hokin ƙanƙara domin kwatanci ba don yana da alaƙa da ƙasar da zafin bazararta ke haura maki 40 ba, sai don a can an daɗe ana gudanar da gasar fitar da gwani a ƙaramin rukuni, kuma an gina ta a kan tunanin da ya saɓa wa namu ta kowace fuska.

2.0 Kofin da ba ya ɗaga kowa

Ana buga hokin ƙanƙara mutum shida-shida a kan daskararren ruwa, da takalma masu kaifin ƙarfe a tafinsu, da sanda mai lanƙwasa. Babbar gasar ita ce NHL, ƙarƙashinta kuma AHL mai ƙungiyoyi 32. Zakaran AHL shi ke ɗaukar Kofin Calder, wanda aka sa wa sunan Frank Calder, shugaban NHL na farko daga 1917 zuwa 1943. A tsarin da ake bi tun 2022, ƙungiyoyi 23 ne ke shiga zagayen fitar da gwani. Zagayen farko wanda ya ci biyu cikin uku, biyu na gaba wanda ya ci uku cikin biyar, biyu na ƙarshe kuma wanda ya ci huɗu cikin bakwai, ana yi ana komawa tsakanin gidajen ƙungiyoyin biyu.

Abin lura shi ne, wanda ya ci kofin ba ya zuwa ko'ina. Hershey Bears ta ɗauke shi sau 13, na baya-bayan nan a 2023 da 2024, amma tana nan a rukuninta, domin babu hawa babu faɗuwa. Kowace ƙungiya reno take yi wa wata babba, kamar yadda Hershey ke renon 'yan wasan Washington Capitals tun 2005, kuma babbar ce ke biyan albashin waɗanda ta turo. Ɗan wasa ne ke hawa, ba ƙungiya ba. Ribar garin kuwa a ƙofa take: Hershey gari ne da bai kai mutum 20,000 ba, amma zaurensa na ɗaukar 10,500, kuma duk zagayen da ƙungiyar ta tsallake ƙarin daren ciniki ne a gida.

3.0 Super 8: mako guda, wasa uku

Firimiyar Najeriya na da ƙungiyoyi 20. Huɗu ke faɗuwa duk kaka, huɗu su hau. Daga 2023 zuwa 2025 an riƙa tara ƙungiyoyi takwas a gari ɗaya, huɗu daga shiyyar arewa, huɗu daga kudu. Kowace shiyya ta yi kowa-da-kowa a tsakaninta, biyun farko su hau, sannan na ɗayan arewa ya kara da na ɗayan kudu domin kofi.

A 2023 an yi a Asaba, inda Kano Pillars da Katsina United suka koma Firimiya bayan faɗuwarsu a 2022, tare da Heartland da Sporting Lagos. A 2024 an yi a Enugu. El-Kanemi Warriors da Nasarawa United suka haye, Sokoto United, maƙwabciyar Kebbi mafi kusa, ta dawo hannu rabbana. A 2025 aka koma Asaba, Barau FC ta Kano da Wikki Tourists ta Bauci suka samu gurbi, tare da Warri Wolves da Kun Khalifat.

Tsarin yana da alheri ɗaya da bai kamata a raina ba: ya tabbatar wa arewa gurbi biyu duk shekara. Amma a dubi abin da kyau. Sokoto United ta tashi daga bakin Gulbin Rima ta yi tafiyar da ta fi yini zuwa Enugu, ba don ta kara da ƙungiyar kudu ba, sai don ta buga da ta Maiduguri da ta Lafiya da ta Abuja. Duk wasannin da ke yanke wanda zai hau daga arewa tsakanin 'yan arewa ake yin su, a filin da magoya bayan kowannensu ba za su iya zuwa ba sai 'yan ƙalilan da aka ɗauko a mota. Mai goyon baya a Sakkwato ko Birnin Kebbi ya biya kuɗin ƙofa duk kaka yana kallon wasannin share fage, ranar da aka zo wasan gaske kuma sai ya koma bin sakamako a Facebook.

Akwai kuma batun sa'a. Lissafi mai sauƙi ya isa: idan ƙungiya na da damar cin abokiyar karawarta kashi 60 cikin ɗari a kowane wasa, damar da take da ita ta yi nasara a jerin wasa uku kusan kashi 65 ce, a jerin biyar kashi 68, a jerin bakwai kashi 71. Lissafin bai sa canjaras a ciki ba, amma ya nuna alƙiblar: yawan wasa na rage rawar da tsautsayi ke takawa. A can, inda kofin ba ya canza makomar ƙungiya, ana ba gwani dama har bakwai. A nan, inda albashin 'yan wasa da kasafin shekara da kujerar koci suka rataya, jan kati ɗaya ko zazzaɓin mai tsaron raga na iya rushe aikin kaka.

4.0 Hujjar filin 'yan ba-ruwanmu

Masu kare tsarin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Duk wanda ya bi gasannin Najeriya ya san yadda cin wasan waje ke da wuya, ya san alƙalan wasa kan shiga matsi, ya ga an rufe filaye an ci tarar ƙungiyoyi saboda 'yan kallo sun afka wa baƙi. Saboda haka, in ji su, gara a kai wasan inda babu mai gida.

Sai dai abin kunya mafi girma a tarihin wasannin cike gurbi a Najeriya a irin wannan cibiya ya faru. A Yuli 2013, a Bauci, ana neman gurbin shiga rukunin Nationwide, Plateau United Feeders da Police Machine suka zo wasan ƙarshe da maki iri ɗaya, abin da zai raba su shi ne yawan ƙwallaye. An tafi hutun rabin lokaci Feeders na cin Akurba 7-0, Police Machine na cin Babayaro 6-0. Aka tashi 79-0 da 67-0. Ƙwallo 72 cikin minti 45 na nufin ƙwallo ɗaya duk bayan daƙiƙa 38 ko ƙasa da haka, har da lokacin ciro ta daga raga da mayar da ita tsakiya. Hukumar NFF ta haramta wa 'yan wasa da jami'an da abin ya shafa harkar ƙwallo har abada, ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu shekara goma.

Ba 'yan kallon gida ne suka jawo wannan ba. Abubuwa uku ne suka haɗu, kuma duk daga tsari suke: rukuni ƙarami da ake rabawa da bambancin ƙwallaye, abokan karawa da ba su da sauran abin nema a wasan ƙarshe, da labarin ɗaya filin da ke isowa ta waya ana cikin wasa. A jerin wasannin Kofin Calder irin wannan ba ta tasowa, domin ƙungiya biyu ce kawai, kowace kuma tana kare ranta ne har wasan ƙarshe. Babu na uku da za a yi wa alfarma, yawan ƙwallo kuma ba ya ƙara komai. Marubucin wannan maƙala yana ganin cewa fili maras 'yan kallo ya ma fi sauƙin ciniki, tun da idon jama'a shi ma tsaro ne.

5.0 Reno da sayen gurbi

A 2024 tunanin biyu suka yi karo a fili. Beyond Limits ta Ikenne ta samu gurbin hawa a Enugu, amma makarantar renon 'yan wasa ce da ke hannun Kunle Soname, mai Remo Stars, kuma doka ba ta yarda mutum ɗaya ya mallaki ƙungiya biyu a Firimiya ba. Gurbin ya koma hannun Heartland ta Owerri, wadda ta faɗo a kakar, ta kuma sake faɗuwa a 2025. Wato an bar ƙungiyar reno irin ta Hershey ta shiga gasar da ladarta hawa ce, ta tare hanyar wasu, sannan ladar ta tafi ga wanda bai buga ba. Idan gurbi na iya canza hannu bayan an tashi wasa, to jihar da aljihunta bai kai ba tana fafatawa ne sau biyu, a fili da kuma a ofis.

Wannan ya shafi Kebbi kai tsaye, domin yawancin ƙungiyoyin arewa na gwamnatocin jihohi ne. Kuɗin ƙofa ba shi ke riƙe su ba, takardar da kwamishina ya kai gidan gwamnati ce. Shi ya sa ba a jin shugabannin ƙungiyoyi na kukan rasa wasan gida: abin da ba ka taɓa dogara da shi ba, ba ka jin zafin rashinsa.

6.0 Abin da Argungu ta nuna

Tafiyar da ba ta wuce awa guda ba daga Birnin Kebbi akwai shaidar cewa yankin ya iya tara jama'a domin gasa. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo siffarsa ta yanzu ne daga 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. A Matan Fada, dubban masunta kan tsaya a bakin ruwa, kowa da gorarsa da homarsa, da jin ƙarar bindiga su ruga su faɗa ruwa. Kifin da aka kamo ana ɗora shi a sikeli a gaban Sarkin Kabin Argungu da baƙinsa da duk wanda ya zo kallo. Ga kuma kokawa da dambe da wasannin kabanci na cikin ruwa.

Gasa ce ta wuri ɗaya, kuma ta ɗan lokaci, kamar Super 8. Bambancin shi ne an kai ta inda masu ita suke. Mai masauki da mai tuya da ɗan acaɓa duk suna samu, hukunci kuma a bainar jama'a ake yanke shi. Ashe tara gasa a gari ɗaya ba shi ne aibin ba, zaɓen garin ne.

7.0 Gyaran da zai yiwu

Jerin wasa bakwai ya fi ƙarfin aljihun ƙungiyoyin NNL, kuma hanyoyin mota tsakanin Kebbi da Zamfara da Borno ba su ba da damar yawan zirga-zirga ba. Abin da ke hannu shi ne a raba Super 8 gida biyu: huɗun arewa su buga a garin arewa da ba shi da ƙungiya a cikinsu, ana zagayawa shekara-shekara, wasan kofi kaɗai ya haɗa shiyyoyin. Matakin 'yan ba-ruwanmu bai ɓata ba, magoya baya kuma za su iya zuwa su koma. A 2024, alal misali, da Birnin Kebbi ta cancanci karɓar baƙunci a wannan ma'auni, ko da yake kusancinta da Sakkwato zai sa sauran su yi ƙorafi. Sai a haɗa da fifita sakamakon karawa tsakanin ƙungiyoyin da suka yi kunnen doki a kan bambancin ƙwallaye, da tantance mallakar ƙungiya tun kafin a fara kaka, ba bayan ta ci ba.

Nauyin da zai hau kan Kebbi ba ƙarami ba ne. Filin da aka gina da tallafin FIFA ƙarami ne, kujerunsa ba za su ɗauki ayarin magoya bayan Sai Masu Gida ba idan Pillars na cikin huɗun, don haka sai an gyara Haliru Abdu ya kai matsayin da hukumar gasa za ta amince da shi, da katanga tsakanin 'yan kallo da fili, da hanyar fitar alƙalai. Lokaci ma abin dubawa ne: Super 8 na 2023 zuwa 2025 duk tsakanin Yuni da Yuli aka yi su, farkon damina, lokacin da rabin masu cika filin ke gona daga safe. Wasan la'asar sakaliya ne zai same su, wanda ke nufin ko dai a sa fitilu, ko a nemi fili na biyu domin wasannin ranar ƙarshe su tashi lokaci ɗaya.