Neman Asalin Kakanni a Ƙasar Musawa

A ƙasar Musawa, kamar sauran kudancin Katsina, salsalar mutum a bakin tsofaffi ta ke. In ban da gidajen sarauta da na malamai, da wuya a sami wanda zai jera kakanninsa fiye da huɗu. A 'yan shekarun nan zuriyoyi da dama sun shiga haɗa kai ta intanet, wani yana Funtuwa, wani Ikko, wani Sudan, kowa ya kawo abin da ya ji a gwada da na ɗan'uwansa.

Abin da ya fi ba su wuya shi ne suna. Bahaushe ba shi da sunan gida wanda a ke gāda. Sunan gari da a ke liƙa wa mutum, watau kamar Musawa ko Malumfashi, zuwan makarantun boko ne ya yaɗa shi, don a rarrabe yara masu suna ɗaya, saboda haka ba ya nuna jini. Ga kuma alkunya. Kakan da jikoki suka sani da Tanko, watakila Muhammadu ne ranar suna, laƙabin ya binne sunan yanka. Mata kuwa sun fi saurin ɓacewa, don galibi ta wajen uba a ke lissafi.

Sa'an nan mutane sun sha watsewa: waɗansu sun bi sarakunan Haɓe arewa bayan jihadi ya ci Katsina a 1807, waɗansu sun yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Rahotannin haraji da ke ajiye a Kaduna sun fi ambaton dagatai, talaka ƙidaya kurum ya ke shiga. Dabarar da ta rage ita ce wadda Yusufu Bala Usman, haifaffen Musawa a 1945, ya bi cikin tarihin Katsina da ya buga a 1981, watau auna maganar baka da rubutu, da tambayar dalilin mai ba da labari.

Wannan tambaya tana da nauyi a nan. Sai a 1936 doka ta kashe bauta ɗungum a Arewa, har yanzu kuwa a kan bincika asali kafin a ba da aure. In sawun kaka ya nufi rinji, sau da yawa tsohon da ke magana ya kan ce ya manta, matasan da ke rubutawa kuma su ɗauka mantuwar ce da gaske.