Yawuri: Masarautar da ke tafiya da kalandar ruwa

Yawuri masarauta ce a kudancin Jihar Kebbi, a gaɓar Kogin Neja, wanda magabata suka fi sani da Kwara. Fadar sarki tana garin Yalwa, a kan babbar hanyar da ta taso daga Kontagora ta bi ta Koko da Jega har Sakkwato. Ƙasarta ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga, kuma tana cikin masarautu huɗu na jihar, tare da Gwandu da Argungu da Zuru. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, kogin da ke gaban Yalwa ya buɗe ya zama ƙarshen tafki ta arewa, har garin ya koma birnin bakin tafki bayan ya daɗe yana bakin kogi.

Masu kallon finafinan Indiya sun saba ganin irin wannan birni, wato Udaipur na jihar Rajastan, wanda Sarki Udai Singh na Biyu ya kafa a 1559 a bakin tafkin Pichola, magadansa kuma suka gina fada a tsakiyar ruwa don shan iska. Kamar ta tsaya a nan. Sarakunan can su suka zaɓi tafkinsu suka ƙawata shi. Sarakunan Yawuri kuwa tafki ne ya zo ya same su, da shawarar da aka yanke a Legas.

Gungu da gadon sarauta

A lissafin gargajiya ana sa Yawuri cikin Banza Bakwai, tare da irin su Kabi da Zamfara da Nufe. Tsofaffin mazauna wurin su ne Gungawa, sunan da Hausawa suka ba su daga kalmar gungu, wato tsibiri, domin a tsibiran kogin suke zaune. Akwai kuma Kambari da Shangawa da Dukkawa a tudu, sannan Sarkawa masunta. Sarautar da ta haɗa kan waɗannan al'ummomi ta zama ta Hausawa, kuma babban birninta na farko shi ne Birnin Yawuri, mai ganuwa, kudu maso gabas da Yalwa ta yanzu.

Abin da ya ɗaukaka Yawuri shi ne mashigi. Ayarin fataken Kano da Katsina masu zuwa Gwanja sayen goro dole su ƙetare Kwara, kuma ɗaya daga cikin hanyoyinsu ta ƙasar Yawuri ta bi. Suna tafe da kanwa da tufafi da fatu, su dawo da goro. Madugu komai yawan jakunansa, idan ya iso bakin ruwa sai ya nemi mai jirgi, mai jirgi kuwa yana ƙarƙashin sarki. Kuɗin fito da kyautar da ake kai wa fada su ne suka riƙe masarautar.

Yawuri ta daɗe tana biyan gaisuwa ga Kabi tun zamanin Kanta. Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zo a farkon ƙarni na 19, Sarki Albishir Ɗan A'i ya zaɓi amana da Gwandu maimakon yaƙi. Wannan dabara ce ta sa Yawuri ta riƙe gidan sarautarta na Hausawa a lokacin da tutoci suka canza sarauta a Kano da Katsina da Zazzau.

Tsakiyar ƙarnin ba ta zo wa masarautar da daɗi ba. Rikicin gado ya raba gidan sarauta, sannan Umaru Nagwamatse, jikan Shehu da ya kafa Kontagora, ya matsa mata lamba daga gabas ya cinye mata ƙasa mai yawa. Da tudu ya gagara zama, sarauta ta koma cikin kogi, a tsibirin Ikum. Ruwan da yake kawo kuɗin fito shi ne ya zama ganuwa, domin doki ba ya hawa jirgi da sauƙi. Sai a 1888, a zamanin Sarki Abdullahi Abarshi, fada ta fito ta zauna a Yalwa, inda take har yau. Sarkin yanzu, Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, tsohon shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ya hau gadon a 1999.

Turawa ma ta ruwa suka san Yawuri. Mungo Park ya wuce ta nan a 1806, kafin ajalinsa ya riske shi a duwatsun Busa. A 1830 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka zo har fadar Sarkin Yawuri neman takardun da ya bari, suka yi makonni, daga nan suka gangara kogin har teku.

Ranar da tafki ya zo

An fara ginin madatsar Kainji a 1964 domin samar da wutar lantarki ga ƙasa. Ruwan da ta tare ya yi tafki mai tsawon kilomita fiye da 130, ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibirai da fadamu masu yawa. Mutum kusan 44,000 aka tayar aka sake wa matsuguni, kuma Gungawa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. An gina musu sababbin ƙauyuka a tudu, amma gida ba ya maye gurbin gona. Mutanen da suka gaji noman albasa a bakin ruwa, suna ɗibar ruwa da ƙwarya suna ban-ruwa a kan ƙasa mai laka, sun wayi gari a kan jigawa. Wasu suka koma su, wasu suka bi bakin tafkin suna neman inda zai yi kama da abin da suka rasa. Wutar da aka yi aikin dominta ta tafi manyan birane tun kafin ta leƙa yawancin ƙauyukan da suka ba da ƙasarsu.

Cikar ruwa sau biyu

Baƙon da ya tsaya a bakin ruwan Yalwa da hantsi zai ga kamar babu mai sauri a garin. Masunta na gyaran koma a inuwa, mata na banda kifi, yara na wasa da ƙananan kwalekwale, 'yan dako na sauke buhunan albasa da shinkafa ba tare da hayaniya irin ta Singa ko Dawanau ba. Sai dai wannan natsuwa ba lalaci ba ce. Aikin ne yake da lokacinsa, kuma ruwa ne yake yanka lokacin.

Manomin Gezawa damina ɗaya yake dako, idonsa a sama. Mutumin Yawuri yana duban sama, yana kuma duban kogi, domin Kwara a nan sau biyu take kawowa a shekara. Cikar farko tana zuwa a ƙarshen damina daga ruwan saman da aka yi a yankin, ruwa ne mai laka, fari-fari. Ta biyu tana isowa a tsakiyar hunturu, lokacin da ko ɗigo ba a yi a yankin: ruwan da ya sauka ne a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya ajiye lakarsa a can, ya iso a tace, mai duhu. Daga nan tafkin yana ja da baya a hankali yayin da ake sakin ruwa a madatsa, ya bar ƙasa mai danshi da ake bi ana shukawa. Kifi ma da wannan kalanda yake tafiya. Giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa da ƙurungu kowanne da lokacin da yake yawa, kuma bandar Yawuri da albasarta sanannu ne a kasuwannin arewa da kudu.

Bikin da ya fi nuna wannan zumunci da ruwa shi ne Rigata, wanda aka farfaɗo da shi a shekarun baya-bayan nan. Ana tseren jirage da ninkaya da nuna gwanintar tuƙi a gaban sarki. Ana danganta asalinsa da farautar dorina da Gungawa suke yi a da, lokacin da take ɓarna a gonaki da kifar da jirage.

Abin da ke bayan natsuwar

Shekarar 2021 ta nuna wa ƙasa ɗaya fuskar. A ranar 26 ga Mayu, jirgin katako da ya taso daga Jihar Neja ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kafin ya isa Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski, kuma waɗanda aka ceto da rai ba su kai talatin ba. Bayan mako uku, a ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka sace ɗalibai da malamai. 'Yan matan ƙarshe ba su dawo hannun iyayensu ba sai a 2023.

Matsalolin biyu suna da alaƙa. Idan hanyar tudu ta lalace ko ta zama abin tsoro, jama'a ruwa suke komawa, kamar yadda fada ta yi a zamanin Ikum. Jiragen kuwa yawancinsu na katako ne, sun tsufa, ana yi musu lodin da ya wuce ƙima ranar kasuwa, ga kututturan itatuwan da tafki ya rufe tun 1968 suna kwance a ƙarƙashi. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar kariya, amma mashigai sun fi jami'anta yawa. Mazaunin gungu da matarsa ta fara naƙuda da tsakar dare, ko mai albasar da zai kai kaya Wara kafin kasuwa ta ci, jirgin da ya samu a bakin ruwa shi zai hau.