Yadda Sabon Garin Damagaram Ya Samu Tsakanin Birni da Zango

Wanda duk ya tsaya a bakin Kasuwar Dole ranar Alhamis, ya ga yadda 'yan kabu-kabu da masu amalanke da 'yan dako suke gogayya a kan titi guda, alhali mai tafiya a ƙasa yana raɓe-raɓe a gindin rumfuna, da wuya ya gaskata cewa sawun ƙafa ne ya fara shata wannan wuri tun kafin a san kwalta a ƙasar.

Asalin al'amarin kuwa shi ne, a zamanin daular Damagaram garin biyu ne. Akwai Birni, mazaunin sarauta, inda fada take da masallacin Juma'a, wanda Sarki Tanimun, da ya rasu a 1884, ya kewaye da ganuwa. Akwai kuma Zango daga arewa, masaukin fatake, inda ayarin Abzinawa da na Larabawan Turabulus suke sauke kaya, inda kuma attajirai irin su Malam Yaro suka kafa gidajensu. Hikimar magabata ce su ajiye baƙo a wajen ganuwa domin tsaro, su kuma ajiye shi kusa domin maslahar tijara, ta yadda madugu zai sallame sallar asuba a Zango, ya taka zuwa fada ya yi gaisuwa, ya komo wurin raƙumansa hantsi bai dubi ludayi ba. Lungunan Birni, waɗanda suke karkacewa tsakanin duwatsu da katangun laka, daidai jaki da kayansa aka yi su, ga inuwa galibin yini, ga dakali a ƙofar zaure domin mai son hutawa. A wannan hali Barth, matafiyin nan Bajamushe, ya tarar da garin a ƙarshen 1852.

Da Faransawa suka ci garin a 1899, suka kuma mai da shi hedkwatar mulkinsu daga 1911 har zuwa 1926 da aka koma Yamai, sai filin da ke tsakanin garuruwan biyu ya soma cika da ma'aikatun hukuma da kantunan kamfanoni, a kan tituna miƙaƙƙu masu faɗi waɗanda aka auna da igiya. Jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 shi ya ƙarasa kashe fataucin hamada, ciniki ya juya kudu, gyaɗa ta maye gurbin gashin jimina, babbar mota ta maye gurbin raƙumi. Ta haka wannan fili, wato Sabon Gari, ya zama cibiyar mu'amala, kasuwa da banki da tasha duk a sarari ɗaya, Birni da Zango kuma suka haɗe.

Alherin da ke cikin wannan tsari ba ƙarami ba ne, domin har yau ma'aikaci yana iya fita daga ofis, ya yi cefane, ya ba tela ɗinki, ya tsai da sallar azahar cikin jam'i, ba tare da ya kashe ko dala a abin hawa ba. Sai dai tun da babura suka yawaita, mai tebur ya sauko bakin titi, mai kanti ya tsawaita rumfarsa, sai haƙƙin mai ƙafa ya yi ta raguwa. Kuma ko da yake shirin gyaran gari mai suna Zinder Sabuwa, na bikin 18 ga Disamba 2018, ya ƙawata manyan tituna, a ganina rabon mota a cikinsa ya fi na tsohuwa mai tallan fura.

Malaman fiƙihu sun daɗe da hukunta cewa hanyar jama'a ba mallakin kowa ba ce, bai kuma halatta a ƙuntata ta ba. Don haka muke roƙon hukumomin gari da shugabannin 'yan kasuwa su ware gefen titi ga masu tafiya a ƙasa, su keɓe wa 'yan kabu-kabu matsaya, su kuma dasa itatuwan dogon yaro tun daga Kasuwar Dole har ƙofar Birni.