Yadda Waken Suya Ya Zauna a Ƙasashen Sanyi

'Yan uwa mazauna birane, da yawanmu mun san waken suya ne a faranti, ko awara ko madara. Kaɗan ne suka san irin wahalar da ya ba manoman Turai kafin ya yarda da ƙasarsu.

A shekarar 1873 aka yi baje kolin duniya a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. A nan Farfesa Friedrich Haberlandt ya samu irin waken da aka kawo daga gabashin Asiya, ya gwada shi, ya rarraba wa manoma, har ya rubuta littafi a kansa a 1878, shekarar da ya rasu. Waken ya tsiro, amma in an tuge shi sai a ga saiwar fayau, babu 'yan kumbure-kumburen nan da kowane ɗan ƙauye ya sani a saiwar gyaɗa.

A lokacin ba a san amfanin kumburin ba. Sai a 1886 Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, suka nuna cewa wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke zaune a ciki, suna jawo sinadarin naitirojin daga iska suna ciyar da shuka, wato aikin da muke sayen buhun yuriya dominsa. Ashe Turawa iri suka ɗauko, suka baro abokin zamansa a gida. Kafin ƙarshen ƙarnin, Oskar Kirchner na Hohenheim ya sa aka kawo masa turɓaya daga Japan, ya zuba wa shukarsa, saiwa ta kumbura. A ganina, wannan 'yar turɓaya ta fi tarin littattafai amfani.

Sauran sanyi. Ƙasa mai sanyi tana jinkirta haɗuwar bakteriya da saiwa, doguwar ranar bazarar arewa kuma tana hana waken yin fure da wuri, sai ƙanƙara ta riske shi bai nuna ba. Sven Holmberg na Suwidin ya samo iri daga arewacin Japan da tsibirin Sakhalin, ya yi shekaru yana aure tsakaninsu, har ya fitar da irin Fiskeby mai saurin nuna.

A nan gida ma an ci karo da rashin wannan bakteriya. Masanan cibiyar IITA ta Ibadan sun bi wata hanyar: suka samar da irin TGx, wanda ke ƙawance da bakteriyar da tuni take cikin gonakinmu tana hidimar wake.