Musayar Fayil da Aiki Daga Nesa Tsakanin Kwamfutoci Mabambanta

Kowace kwamfuta tana da babbar manhajar da ke tafiyar da ita. A ofisoshinmu an fi amfani da Windows, amma akwai masu Linux ko macOS na kamfanin Apple. Wani lokaci ma'aikaci zai taso daga Roni, Gwiwa ko Babura ɗauke da jadawalin albashi ko rajistar filaye a filashi, ya iso Kazaure, sai kwamfutar da ya tarar ta ƙi karɓa. Galibi ba lalacewa ta yi ba, tsarin ne ya bambanta. Maganin abin shi ne a yi amfani da ƙa'idar da duka ɓangarorin suka sani.

Ta hanyar filashi

Kwamfutar Apple tana karanta filashin da aka tsara da NTFS, tsarin Windows, amma ba ta rubutu a kansa. Tsarin FAT32 kowa na karɓarsa, sai dai ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai gigabayit 4. Don haka muke ba da shawarar exFAT, wanda manhajojin uku na yanzu suke karantawa da rubutawa.

A cikin ofis ɗaya

Idan kwamfutoci suna haɗe da waya ko Wi-Fi, babu buƙatar filashi. Windows tana raba fayil ne da ƙa'idar SMB. A 1992 Andrew Tridgell na ƙasar Ostareliya ya fitar da Samba, manhaja ta kyauta wadda ke bai wa Linux damar magana da wannan ƙa'ida. Da ita, kwamfuta ɗaya mai Linux za ta iya zama rumbun takardun sashe gaba ɗaya.

Aiki daga nesa

Injiniya na iya gyara kwamfutar da ke Gwiwa yana zaune a Dutse, muddin akwai intanet. Ana shiga Windows da Remote Desktop, ana shiga Linux da SSH, wadda Tatu Ylönen ya ƙirƙira a Finland a 1995. VNC kuwa tana nuna allon kowacce.

Abin kiyayewa

Ƙofar da injiniya ke bi, ɓarawo ma zai iya bin ta. A watan Mayun 2017 ƙwayar WannaCry ta bi ta tsohon samfurin SMB ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Ingila. Saboda haka muna kira da a kashe wannan samfuri, kowane ma'aikaci ya riƙe kalmar sirrinsa, a kuma ajiye kwafin muhimman takardu a wani wuri dabam. Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, don haka kada a haɗa ta da intanet.

Masu neman ƙarin ilimi na iya tuntuɓar cibiyar koyon fasahar sadarwa ta Kazaure, wadda aka kafa zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki (1999 zuwa 2007). Takardun jama'a amana ce a hannunmu.