Yadda Madara Ta Kuɓuta Daga Zargi a Tarihin Tsakuwar Ƙoda

A ƙarni na 18, yankin Norfolk na gabashin Ingila ya yi suna wajen yawan masu tsakuwar mafitsara. Asibitin Norwich, wanda aka kafa a 1771, ya riƙa adana tsakuwar da likitocinsa suka ciro, kuma da yawa daga cikin majinyatan yara maza ne 'ya'yan talakawa, waɗanda abincinsu bai wuce burodi da kunun hatsi ba. Da rayuwa ta inganta, madara ta wadata a gidaje, sai cutar ta yi ta raguwa har ta kusa ɓacewa daga Turai.

A Indiya, inda yara ke fama da irin wannan cuta, likita Robert McCarrison ya gwada lamarin a kan ɓeraye a shekarun 1920. Waɗanda ya ciyar da hatsi zalla sun yi tsakuwa, waɗanda ya ƙara wa madara kuwa sun tsira.

Sai dai wadata ta zo da nata ciwon. A ƙarni na 20 tsakuwar ƙoda ta yawaita tsakanin manya masu cin nama da gishiri. Da bincike ya nuna cewa akasarinta haɗin kalsiyam ne da oksalet, likitoci suka yanke hukunci: tunda madara na ɗauke da kalsiyam, a daina shanta. Aka shafe shekaru ana bai wa majinyata wannan shawara.

A 1993 Gary Curhan da abokan aikinsa na jami'ar Harvard suka wallafa sakamakon bibiyar maza fiye da 45,000. Waɗanda abincinsu ya fi yawan kalsiyam su ne suka fi ƙarancin tsakuwa. Dalili shi ne, kalsiyam na kama oksalet tun a cikin hanji, su fita tare a bayan gida. Idan aka rage shi, oksalet ya shiga jini ya tare a ƙoda.

A 2002 Loris Borghi na birnin Parma a Italiya ya tabbatar da haka a kan maza 120 cikin shekara biyar. Daga cikin 60 da aka rage wa kalsiyam, 23 tsakuwar ta dawo musu. Daga cikin 60 da aka bar musu shi, aka rage musu gishiri da nama, 12 ne kawai.

Shi ya sa a yau likita ba ya fara da hani. Yakan tambayi abin da majinyaci ke ci da yawan ruwan da yake sha, ya auna fitsarinsa na sa'o'i 24, ya kuma bincika tsakuwar da ta fito. A ƙasa mai zafi irin tamu, inda gumi ke rage fitsari, duk wanda aka hana shan nono saboda tsakuwa yana da haƙƙin ya tambayi gwajin da aka dogara da shi.