Ƙunar daji da iskar hunturu a tarihin ƙasar Hausa da maƙwabtanta

Ƙunar daji, wato cinna wa busasshiyar ciyawa wuta da gangan bayan ɗaukewar ruwan sama, tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, kuma kowane rukuni na masu yinta yana da bukatarsa. Makiyayi yana ƙona tsohuwar gamba domin ta yi sabon toho wanda shanu za su samu a farkon rani, manomi yana ƙona sassabe domin toka ta ƙara wa gona ƙarfi, mafarauci kuwa yana sa wuta ne domin ya tayar da zomo da gafiya da gyazbi daga maɓoyarsu. Abin da ya tsare al'adar daga zama ɓarna shi ne lokaci, domin ba a sakin wuta sai an kai amfanin gona rumbu, an ɗaure harawa a kan bishiya, an kuma yanke shuci da gambar da za a yi jinka da zana.

Dalilin wannan kiyayewa yana tattare da hunturu, busasshiyar iskar da ke kaɗawa daga arewa maso gabas tsakanin Nuwamba da Maris, ɗauke da ƙurar da mafi yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Wutar da aka sa da kaka, ciyawa tana da sauran danshi, takan ci tsalli-tsalli ta mutu da raɓar dare, ta bar kaɗanya da ɗorawa da ransu. Wadda aka sa a Fabrairu ko Maris, bayan iska ta tsotse duk wata laima, takan haura har kan rassa, ta kashe ƙananan itatuwa, wani lokaci ta tsallaka cikin ƙauye.

Turawan mulkin mallaka sun fara da ɗaukar kowace wuta a matsayin laifi. A 1935 masanin gandun daji E. P. Stebbing ya yi shelar cewa Sahara tana mamaye Arewacin Nijeriya, abin da ya sa Ingila da Faransa suka tura kwamitin haɗin gwiwa ya zagaya iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 da 1937, kwamitin kuma bai sami hujjar da ta tabbatar da tsoron nasa ba. A daidai wannan zamani, filayen gwaji da aka kafa a Olokemeji ta ƙasar Yarabawa a 1929, da Kokondekro kusa da Buwake a Kodebuwa a 1936, sun nuna cewa filin da ake ƙonawa da wuri yana riƙe itatuwansa, wanda ake ƙonawa a makare kuwa yana komawa fagen ciyawa. Daga nan ma'aikatun gandun daji suka rungumi ƙona daji da wuri a matsayin manufa, wato suka dawo kan abin da makiyaya suka daɗe da sani, ko da yake malaman daji na En'e, wato hukumar gargajiya, ba su daina cin tarar talakawa ba.

Dangantakar fari da gobara ba iri ɗaya ba ce a ko'ina, kuma a nan ne masu sharhi kan yi kuskure. A kudu, inda kurmi yake da laimar da ke hana shi kamawa, fari ne ke buɗe wa wuta ƙofa. Haka ta faru a Ghana a 1983, lokacin da hunturu mai tsanani ya biyo bayan ƙarancin ruwa, gobara ta cinye gonakin koko da na abinci, a shekarar da gwamnatin Shagari ta Nijeriya ta kori 'yan Ghana kimanin miliyan guda zuwa gida. Dokar Ghana ta hana gobarar daji ta 1990 ta samo asali ne daga wannan masifa. A arewa kuwa lamarin akasin haka ne, domin a farin 1973 da na 1984 ƙasar Damargu da Azawak ta zama fako, babu ma abin da wuta za ta ci.

Saboda haka shekarar da makiyayan Sahel ke fargabar gobara ita ce wadda damina ta yi albarka, ƙarangiya da sauran ciyayi suka rufe ƙasa, sannan suka bushe gaba ɗaya cikin 'yan makonni. Tun daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo yankin, amma yana zuwa ne da ƙarfi a taƙaitaccen lokaci, zafin rani kuma ya ƙaru, don haka ciyawar tana yawa kuma tana saurin bushewa. Wannan ne ya sa a kowace kaka hukumomin Nijar ke ɗaukar mutanen karkara aikin share faffaɗan layuka masu tsawon kilomitoci a makiyayar Abalak da Cintabaradan da Dakwaro, domin wuta ta tsaya idan ta iso, ciyawar da aka kwashe daga layin kuma a adana ta, a ciyar da dabbobi da ita ko a sayar a bazara, lokacin da abincin dabba ya fi tsada.